Jawabin Matar Dafi ga 'Yan Kallon Kunamun Kwalta

Mai girma shugaban wannan taro, mai gidan kallo da ya ba mu ɗakinsa da kujerunsa, shugaban ƙungiyar masu haya da babur da dattawansa, darakta da mutanensa da ke zaune can jikin taga, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, 'yan kallo baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni damar magana, duk da na ji wani a baya yana cewa me tela ta sani game da fim. Ya yi haƙuri, yanzu zai ji.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai shagon ɗinki da ke bayan tashar babura. Baƙaƙen rigunan nan goma sha ɗaya da kuka gani a Kunamun Kwalta, ni na ɗinka su. Ba fata ba ce, ledar kujerar mota ce darakta ya kwaso daga wurin masu gyaran kushin, sai da ta karya mini allura bakwai. Kunamar da ke bayan kowace riga, daga tsohon jan labulena na yanke ta. Mutumin da ya fito a matsayin Dafi, shugaban ɓarayin babur, maigidana ne, uban 'ya'yana huɗu. Bai zo ba yau, domin ko riga ba ya iya sa wa kansa.

An tara mu ne don jin ra'ayin 'yan kallo. Tun ɗazu ina zaune ina sauraro, kuma ina da amsa ga kowa.

Masu dariya, ku ne na farko. Kun ce jinin fenti ne. Gaskiya ne, har yanzu akwai ragowarsa a bakin shagona. Kun ce bindigar katako ce, har ƙusa ana gani. Gaskiya ne. Kun ce wanda aka harbe a farkon fim ya sake fitowa a ƙarshe yana sayar da fetur. Shi ma gaskiya ne, ƙanin darakta ne, mutane ne suka yi ƙaranci. Ban hana ku dariya ba, ni ma na yi har da hawaye. Amma ina tambayarku: idon da ya iya hango ƙusa a jikin bindiga, me ya hana shi gane cewa mutumin da ke riƙe da ita wasa yake yi?

Sai masu yabo, masu cewa Dafi namijin duniya ne, masu tare shi a hanya su ce ya ɗaga musu tayar gaba. Ku je tasha ku tambayi laƙabinsa. Sannu-Sannu suke kiransa. Shekara goma sha shida yana haya, tsofaffi da masu ciki su ne fasinjojinsa, don sun san ko ƙwai aka ba shi zai kai shi lafiya. Gudun da ya burge ku, a kwamfuta aka ƙara wa hoton sauri. Ku sake kallo, ku dubi kajin da ke gefen hanya, su ma gudu suke kamar an sa musu inji.

Amma waɗanda suka ƙona mini rai su ne masu cewa fim ya tona asiri, duk masu babur haka suke. Wani bawan Allah ya miƙe a nan, da furfurarsa, ya ce ba a banza aka zaɓi mai tabo a fuska ba. Baba, da girmanka, ka yi kuskure. Bel ɗin injin niƙa ne ya tsinke ya tsaga masa kunci, yana yaro, a shagon mahaifinsa. Wannan ne duk tarihin tabon.

Saboda tabon ne darakta ya same shi a tasha, ya ce, "Yaya, fuskarka nake so." Maigidana ya ƙi. Darakta ya biyo shi har gida, ya zauna a kan tabarmarmu, ya sha ruwanmu, ya ce a ƙarshen labari Dafi zai tuba, ya miƙa kansa ga hukuma, ya yi wa matasa nasiha. Ni ce na ce masa, "Baban yara, ka karɓa mana, ai wa'azi ne." Ni ce na faɗa, da bakina, kuma wannan nauyi ina ɗauke da shi. Mako biyu yana haddar nasihar nan, babbar 'yarmu tana riƙe masa takarda, ƙannenta suna yi masa dariya in ya manta. An ɗauki wurin, ina tsaye aka ɗauka. To, ina yake? Wa ya gan shi a cikinku? Fim ya ƙare Dafi na ƙyaƙyata dariya a kan babur. Da muka tambaya, darakta ya ce ƙarar janareta ce ta ɓata sautin. Daga baya wani mutuminsa ya faɗa mini gaskiya, wai 'yan kallo ba sa son mugu ya tuba.

Yanzu ku ji abin da ra'ayin 'yan kallo ya haifar. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, wasu mutum biyu a kan babur suka fizge jakar wata mata a ƙofar kasuwa, suka tsere. Maigidana yana gefe yana kwance wa fasinja buhun albasa. Sai wani ya ɗaga murya, "Ga shugabansu nan! Dafi ne!" Shi ke nan. Ba tambaya, ba bincike. Da benci, da dutse, da ƙarfen rumfa. Suka karya masa hannu wuri biyu, suka goce masa kafaɗa, suka zubar masa da haƙora, suka farfasa babur ɗin da muke ci da shi. Kun san wa ya cece shi? Matar da aka yi wa satar. Ita ce ta kutsa ta faɗa a kansa tana ihu, "Ba shi ba ne! Waɗancan samari ne sirara, wannan a haife ya haife su!"

A asibiti na same shi, baki a kumbure. Ya ce mini, "Maman yara, wallahi ina ta ce musu fim ne, fim ne. Sai wani ya ce, ai mun gani."

Masu zuwa dubiya suna ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma tsautsayi ba ya ɗaukar benci. Mutane ne suka ɗauka, kuma wasunsu suna cikin ɗakin nan, ina ganin yadda suke kallon takalmansu.

Ban zo in ce a hana fim ba. Darakta, ka fito da wurin da ka yanke, da ƙarar janaretarsa da komai, ka kawo wa mai gidan kallo ya riƙa haska shi. Sannan ka je ƙofar kasuwa da rana tsaka, ka tsaya inda ya faɗi, ka faɗa wa mutane wane ne shi. Kai ka rataya masa wannan suna, kai za ka cire. Ku kuma masu babur, mutum goma daga cikinku sun sa rigunan nan, fuskokinsu suna cikin fim. Gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, kun san abin da ya rage muku.

Saura wanda ya yi ihun. Magana zarar bunu ce, ka zare, ba ta komawa. Na san ka, matarka ma a wurina take ɗinki. Ban ambaci sunanka a nan ba, saboda maigidana ya roƙe ni, ya ce kana da 'ya'ya a makaranta ɗaya da namu. Shi ya yi maka wannan alfarma, ba ni ba. Ka san gidanmu. Ka zo ka zauna a gabansa, ka dubi fuskarsa, ka ce ka yi kuskure. Kwana uku na ba ka. In ka zo, da hannuna zan shimfiɗa maka tabarma. In ba ka zo ba, za ka ji sunanka a bakina a gaban alƙali, kuma matar da aka sace wa jaka ta ce za ta raka ni.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah Ya tsare masu neman halal a kan hanya, Ya tsare mu daga hukuncin taron jama'a, Ya sa harsunanmu kada su zama sanadin zubar jinin wani. Allah Ya saka wa baiwar tasa da ta ceci maigidana da alheri, Ya mayar mata da abin da ta rasa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.