Ruwan da Baba Ya Ƙi Yin Alwala da Shi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Sunana Hadiza, daga Rawayya.

Rijiya ɗaya gare mu a unguwa, da bazara kuwa sai mun kwalfi laka kafin tulu ya cika. Bara wata ƙungiyar agaji ta haƙa mana rijiyar burtsatse, muka huta. Sai wani ɗan unguwarmu mai aiki a Gusau ya karanta allon da suka kafa, ya ce kuɗin aikin daga wata cacar ƙasar waje suka fito, irin wadda ake ware wani kaso don taimakon jama'a.

Tun ranar mahaifina ya daina alwala da ruwan. Na ce, "Baba, ai ba mu muka yi cacar ba." Ya ce, "Ku sha, ban hana ku ba. Ni dai ba zan kai goshina ƙasa da ruwan nan a fuskata ba."

Yanzu kowace safiya sai ya dogara sanda ya wuce famfo yana zuba, ya tafi tsohuwar rijiya da butarsa, don bai yarda wani ya ɗebo masa ba. Makon jiya ya zame a bakinta, Allah ya kiyaye.

Don Allah a tambayar mana malamai hukuncin ruwan nan, a faɗi amsar a shirin yamma. Maganata ba ta shiga kunnensa, amma ba ya rabuwa da rediyonsa. Baba, na san kana ji.