Haƙora Tara, Ramuka Goma Sha Biyar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban ƙungiyarmu ta manoman auduga da masara, Alhaji Lawal, wakilin Hakimi, shugabar mata, Hajiya Sakinatu, malaman gona, wakilan rassanmu na Dayi da Danja da Tsiga, waɗanda suka baro sharar gona suka zo, iyayena, 'yan'uwana manoma, maza da mata: ina yi muku barka da zuwa taronmu na shekarar 1989.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Aƙilu, magatakardan wannan ƙungiya shekara goma sha tara. Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama. An ce in yi bayanin yadda aka haɗa sabuwar kwamfutarmu da tsohon allonta, wato abin nan da muke kira talabijin ɗin kwamfuta, don kada a sake ɓarna irin ta bara. Zan yi bayanin. Amma na ga a takardar taro, magana ta shida ita ce a hana Donatus mai gyaran rediyo sake taɓa kayan ƙungiya. Ina roƙon a saurare ni kafin a ɗaga hannu.

Abu na farko. Kun san tsohuwar kwamfutarmu ta mutu, allonta ya tsira. Da za a kawo sabuwa daga Kaduna muka ce a bar allo, namu lafiyarsa lau. Kuma gaskiya muka faɗa. Abin da ba mu sani ba shi ne, kan wayar tsohon allo haƙora tara gare shi, jeri biyu, bakin sabuwar kwamfuta kuwa ramuka goma sha biyar, jeri uku. Wurin da ake ruɗuwa shi ne faɗinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. In ka kara su sai ka rantse don juna aka ƙera su. Saboda haka kafin ka soka kowace waya, ka sa tabarau, ka fita hasken rana, ka ƙirga.

Abu na biyu. Mu manoma ne. Idan ƙota ta ƙi haɗuwa da ruwan fartanya, ba ma zama tunani. A sassaƙe ta kaɗan, a buga da dutse, ta shiga, a tafi gona. Wannan dabara ta ciyar da kakanninmu, ta ciyar da mu, amma kwamfuta ba ta san ta ba. Abin da ya ƙi shiga da yatsa biyu, to, a bar shi.

Abu na uku shi ne wannan da ke hannuna. Na baya ku miƙe ku gani, bai kai akwatin ashana biyu ba. Sunansa adafta. Gefe ɗaya yana karɓar haƙoran tsohon allo, ɗaya gefen yana shiga ramukan sabuwar kwamfuta, a cikinsa kuma siraran wayoyi ne, kowace an liƙa ta da dalma daga inda ta fito zuwa inda ake jiranta. Aikinsa aikin tafinta ne. Akwai kuma wani ɗan makunni a bayan allon, wanda shekara uku muna share masa ƙura ba mu san amfaninsa ba. Sai an ture shi gefe rubutu yake fitowa. Babu shagon da aka sayo wannan abu. Donatus ne ya hau mota har Zariya, ya samo zanen wayoyin a wurin wani masani, ya dawo ya haɗa da hannunsa, ya kuma gyara kan wayar allon da ya lalace bara. Ba don shi ba, da awon ruwan sama na shekara goma sha biyu, wanda da shi muke gaya muku lokacin shuka, yana nan a kulle cikin faifai ba mai iya karantawa.

Na san abin da za ku ce, don na sha ji a kasuwa: ai abin da ya ɓata ne ya gyara. To, ga abu na huɗu, kuma saboda shi na miƙe.

Ranar wata Alhamis bayan azahar, ni kaɗai ne a ofis. Na ce shekara goma sha tara ina riƙe da makullin nan, waya ɗaya za ta gagare ni? Na kara, ta ƙi. Na danna, ta ƙi. Sai manomin da ke cikina ya tashi. Na ɗauko filaya na lanƙwasa haƙori biyu don su bi ramuka, na sa ƙarfi, na ji ƙas. Haƙori ɗaya ya karye, uku sun kwanta. Na rufa wa abin mayafinsa, na kulle ofis, na tafi gida na ci tuwo.

Washegari na aika aka kira Donatus ya zo ya haɗa mana. Ya ɗaga wayar ya duba, ya dube ni. Yana riƙe da ita Alhaji ya shigo, ya ce, "Subhanallahi! Donatus, me ka yi mana?" Ban ga laifin Alhaji ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ni da na san abin da ido bai gani ba, sai na duƙa ina gyara takardu.

Kun san Malumfashi. Kafin la'asar haƙori ɗaya ya zama waya, kafin ranar kasuwa waya ta zama kwamfuta ɗungurungum, har na ji wani a tasha yana rantsuwa ya ga hayaƙi. Mutumin da tun 1971 yake gyara mana rediyo, sai ga mutane suna ɗaukar rediyonsu a mota zuwa Funtua. Wata bakwai ke nan ina wucewa ta ƙofar shagonsa ina ganin benci babu kowa, ina gaishe shi yana amsawa da fara'a. Wallahi wannan fara'a ta fi zagi yi mini ciwo.

Makon jiya na kasa daurewa, na shiga na ce, "Donatus, ka san ni ne. Me ya hana ka faɗa?" Ya ajiye abin da yake gyarawa ya ce, "Malam Aƙilu, ranar da aka haifi 'yata Obioma ba mu da kowa a garin nan. Matarka Inno ce ta yanke mata cibi, ita ta yi wa uwarta ruwan wanka kwana arba'in. Ni zan tsaya gaban Alhaji in kunyata mijin Inno? Na ce in ka shirya za ka faɗa da bakinka."

To, jama'a, na shirya, ko da yake na makara. Ni na karya, shi ya gyara. Ni na yi shiru don tsoron kunya, shi ya yi shiru don ya rufa mini asiri. Ina roƙon a soke magana ta shida, ko kuwa a bar ta a cire sunansa a sa nawa. Alhaji, ga makullin ofis na ajiye a gabanka. In kwamiti ya mayar mini na karɓa, in ya ba wani ba zan ce uffan ba. Ku kuma 'yan'uwa, kamar yadda kuka kai wancan labari Dayi da Danja da Tsiga, ku kai wannan, kuma ku kai shi da sauri irin na wancan.

Donatus, ga ka can a bayan rumfa inda ka zauna don kada a ce ka matso. Taso ka karɓi adaftarka, kai za ka haɗa ta a gaban jama'a. A gaban mutum ɗaya na bari aka ɓata maka suna, a gaban mutum ɗari uku nake neman gafararka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona daga fari da tsutsa. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da garinmu lafiya da ɗan gari da baƙo. Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.