Raken Da Rifkatu Ta Ci

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Ni ne Baba Yohanna na Gude, mai gyangyaɗin nan na bencin baya. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba, malamin ne ya riga ni gajiya.

Ranar da mutanen daji suka shigo Mubi ina gona da jikata Rifkatu, 'yar shekara shida. Ina kiranta amaryata, ita kuma tana ce mini miji marar haƙori. Muka ji harbi ta wajen gari, sai ƙarar babura tana matso mu. Na ja ta muka kwanta cikin dawa. Jama'a, ni da nake cika baki a majalisa, ranar sai da na jiƙa wando!

Yarinya ta buɗe baki za ta yi kuka, ga babura a bakin gonar, har ina jin maganar mutanen. Ba ni da wata dabara sai irin tawa ta wasa. Na raɗa mata mu yi gasar shiru, wanda ya fara magana ya faɗi, wanda ya ci yana da rake, kuma ba a tashi wasan sai na ce an tashi. Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Allah ya rufe idanunsu. Muka hau duwatsu, muka faɗa Kamaru da ƙafa. Ubanta, ɗana, ya tafi kasuwa da safen nan, har yau ba mu gan shi ba.

Da sojoji suka karɓe gari mun dawo, amma muryar Rifkatu ba ta dawo ba. Tana ci, tana zuwa aike, magana ce babu. Ko injin niƙa aka tayar sai ta shige ƙarƙashin gado, hannu a baki. Maƙwabta suka ce iska ce ta taɓa ta. Ni ma da takalmi a ƙafa nake kwana. Tsoro ya cinye ni, ina ganin yarinyar nan za ta girma bebiya.

Wata safiya bayan sujada kowa ya watse, na durƙusa na ce, "Ubangiji, bakina ya yi surutun da ya isa. Ka karɓe shi, ka mayar wa yarinyar nan nata." Na yi kuka kamar ba dattijo ba.

Ba a daɗe ba Fasto ya sanar cewa wata likitar tunani tana zagaya ƙauyukan da aka dawo, tana duba yara. Na ce atafau, don a zatona ɗaure Rifkatu za a yi kamar mahaukaciya. Uwar yarinyar ta ɗauke ta ba da izinina ba, na bi su da sandata.

Malama Asabe sunanta, mutuniyar garin Uba. Ba allura, ba igiya. Ta zauna a tabarma ta baje yumɓu, ta ce aikin da ta karanta ke nan, shekara da shekaru tana yi da 'ya'yan talakawa. Na ce a raina, ashe har wasan ƙasa ana zuwa jami'a a kansa.

Muka yi ta zuwa. Wata rana Rifkatu ta gina mutum biyu a kwance, ta kafa tsinke kewaye da su. Ƙaramin ba shi da baki. Malama ta ce in ba ta labarin ranar gona. Na ba ta. Sai ta ce, "Baba, ka tashi wasan kuwa?"

A gudun nan wa ya tuna da wasa?

Ta ce kada in zargi kaina, wasan ne ya cece mu, firgici ne ya riƙe harshen. Amma zuciyar yarinyar tana nan kwance cikin dawa, daga bakina take jiran jin an gama.

Na sayo rake, na durƙusa gabanta na ce, "Amarya, an tashi wasa. Sun tafi. Ke kika ci." Ta karɓa, ta dube ni, ko uffan. Na zaci shi ke nan. Malama ta ce kada mu matsa mata, mu ci gaba da zuwa.

Har aka girbe dawa. Wata la'asar ina fama da guntun rake da dasashi, sai na ji wata 'yar murya a bayana.

"Marar haƙori, ai tun a gona ka faɗi. Na ji ka kana ta Yesu, Yesu."

Haleluya! Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Har yanzu injin niƙa yana firgita ta, ni ma ba kullum nake cire takalmin ba, kuma muna ci gaba da ganin Malama. Amma na gode wa Ubangiji. In kana da yaron da ya yi shiru, ka dogara ga Allah, ka yi addu'a, ka kuma kai shi. Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.