Furen da Goca Ya Mayar

A layin shiga kallon finafinan ƙasar Jojiya a birnin Toronto, wata tsohuwa 'yar Jojiya ta ƙura wa furannin da ke hannun Goca ido.

"Ɗana, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna. Nestan zan kai wa, jarumar fim ɗin."

"Goma sha biyu? Ka manta gida ke nan. A Jojiya mai rai ba a kai masa furanni cikakkun bibbiyu, sai kabari. Zare ɗaya!"

Goca ya zare, kunya ta kama shi. "Haka mai kantin furanni ya ɗaure su."

"Ka santa ne?"

"Tare muka fara wasan kwaikwayo a garin Kutaisi, can gida. Ni na koya mata tsayuwa a dandali. Na taho nan tuƙin tasi, ita kuma ta faɗa hannun wancan Tengiz, mai shirya fim wai! Ruwan sama kawai ya iya ɗauka a fim, Turawa na ta tafa masa."

"To me ya kawo ka kallon ruwan sama?"

"Kishin ƙasa."

Tsohuwa ta tuntsire da dariya. "Kishi dai na gani, ƙasar ce ban gani ba."

Sai ga Nestan ta sauko daga mota, Tengiz yana gyara mata mayafi, tana yi masa irin dariyar da Goca ya ɗauka tasa ce shi kaɗai.

"Maza, je ka mana!" in ji tsohuwar.

Goca ya mayar da furen nan cikin 'yan uwansa.

"Bar su haka, Inna. Mai kantin ya fi mu gaskiya, akwai abin da ya rasu."