Tagulla a Cikin Burodin Dabino

NIMAT: Alo? Zinat, ƙawata, ke ce? Salamu alaikum.

ZINAT: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ɗaga murya, mai gas yana ta buga tukunyarsa a ƙofa.

NIMAT: Nimat ce, Umm Gamil, daga Alƙahira.

ZINAT: Umm Gamil! Yau wace rana! Ya maigida, Usta Sobhi? Ya shago? Ya gwiwar nan taki?

NIMAT: Alhamdulillahi, a zaune nake salla, amma ina yi. Ya mutanen Sohag? Ya zafi?

ZINAT: Zafi kam har kaji sun daina ƙwai. Ya 'yan matanki?

NIMAT: Suna gaishe ki. Dama tambaya ce. Shekaranjiya na ba direban bas amana biyu zuwa garinku, ɗaya ta ɗana Gamil, ɗaya ta gidan surukansa. Ke da kike katanga ɗaya da su...

ZINAT: Innalillahi! Ba ki ji ba? An yi wa auren ɗanki asiri!

NIMAT: A'uzu billahi. Wane irin asiri?

ZINAT: A cikin burodin dabinon da kika aiko! Hajja Sakina, uwar Gamila da zai aura, ta ɗauki ɗaya ta gatsa, sai ji muka yi ƙaras! Haƙorinta na zinare a cikin shayi. Aka ɓara sauran, sai ga 'yan sanduna uku na tagulla kamar yatsa, duk ramuka a jiki, an naɗe su a leda.

NIMAT: Ya Rabbi.

ZINAT: Kwantar da hankalinki, ba wanda ya zarge ki. Mace mai Alƙur'ani a cinya kullum? An ce maƙiya ne suka sa hannu a hanya. Ni da kaina na kawo musu Shehi Abul Wafa. Yana gani ya ja baya. Ya ce duba, an zana lamba a jikinsu: ɗaya, biyu, uku. Saki uku ke nan tun kafin a ɗaura! Ramukan kuma ƙofofin aljannu ne. Agwagwa biyu ya karɓa.

NIMAT: Zinat, na bigila ne.

ZINAT: Na Gamila, eh mana, ai ita aka yi wa.

NIMAT: Bigila! Abin busar Gamil! Sandunan nan ne da yake dannawa da yatsu idan yana busa. Nasa sun cinye, babansa ya gyara masa wasu. Lambar kuwa don kada ya sa na farko a ramin na uku ne.

ZINAT: To me ya kai su cikin burodi?

NIMAT: Ni.

ZINAT: Layin ya yanke. Wa kika ce?

NIMAT: Kin ji sarai. Usta ya ce in kai gidan waya: kowanne a naɗe da auduga, a cikin kwali, kwalin a cikin wani kwali. Na je, mutumin ya ɗora a sikeli. Wallahi kwalin ya fi kayan nauyi. Na ce yanzu kuɗin tafiyar kwali zan biya? Direbanmu kuwa abincin uwa zuwa ga ɗanta kyauta yake ɗauka, addu'a kawai yake so. Ƙarfe ne yake caji. Kuma ki gaya mini, auduga ta fi dabino laushi?

ZINAT: Da su kika gasa?

NIMAT: Haba, ni mahaukaciya ce? Sai da ya huce na huda na cusa. Kuɗin gidan wayar kuma na sayi man shanu, na yi wa surukai nasu kwandon don a fita kunya.

ZINAT: An fita kunya kam. To ya aka yi kwandon ya sauya gida?

NIMAT: Da hannuna na rubuta sunayen. Gamil a nan, Gamila a can. Ban shiga aji ba, amma haruffana ba su taɓa ba ni kunya ba. Ɗan zagayayyen harafin nan ne na ƙarshen sunanta, mai ɗigo biyu, man shanu ya jiƙa takardar ya shafe shi. Direba ya ga Gamil biyu, ya raba yadda Allah ya nufa. Yaron ya kira ni, ya farfashe burodi duka, ba komai sai dabino.

ZINAT: Dakata in zauna. Cikina!

NIMAT: Dariya kike yi? Ranar Alhamis bikin wan Gamila ne. Babanta, Hajj Metwalli, ya ce ba zai ba mai busa 'yarsa ba sai ya ji da kunnensa ko sana'a ce. Idan yaron ya tsaya gaban jama'a da bigila ba hanji, shi ke nan. Ki je ki karɓo mini su.

ZINAT: Ba zai yiwu ba. Shehi ya ce duk wanda ya zo tambayarsu, shi ne mai asirin. Ya ce a jefa su a kogin Nilu da hannun hagu, ba waiwaye. Ni aka ba.

NIMAT: Kin jefa? Zinat! Alo?

ZINAT: Na je bakin ruwa dai.

NIMAT: Kin jefa ko ba ki jefa ba?

ZINAT: 'Yar'uwa, tagulla ce fa, mai nauyi. Na ce aljannun nan me za su yi da ita a ruwa? Na jefa musu duwatsu uku. Suna cikin tulun shinkafata, ina jiran mai sayen tsofaffin ƙarafa.

NIMAT: Allahu Akbar! Allah ya yi wa kwaɗayinki albarka! Ki wanke su da ruwan ɗumi, ban da toka, ban da soson ƙarfe. Kowanne a safa daban, kada su gogi juna, ko ɗan lotsawa suka yi ba za su shiga ba. Ki kai masa da kanki, da sifirin ɗin nan uku.

ZINAT: Wane sifirin?

NIMAT: 'Yan wayoyi murɗaɗɗu, ƙanana. Kowanne a nasa burodin na sa.

ZINAT: Biyu muka gani. Shehi ya ce gashin aljana ne.

NIMAT: Uku ne! In babu na ukun, sandar in ya danna ba za ta taso ba. Wa ya ci kafin a farga?

ZINAT: Hajj Metwalli ne ya fara buɗe kwandon. Shi kuwa kin san ba ya tauna, tun da haƙoransa suka zube. Jiya ma yana cewa cikinsa na yi masa wani irin tsalle...

NIMAT: La haula wa la ƙuwwata. To ki dafa masa wake, da mai sosai, ki ce sadaka ce. Ki sa ido. Alhamis dai da saura.

ZINAT: Ni? In sa ido a ina?

NIMAT: Inda yake zagayawa bayan gida mana! Ke da duwatsunki uku, kin fi kowa sanin bakin ruwa. Katina ya kusa ƙarewa. Zinat, don girman Allah kada ki gaya wa kowa, ko Usta, ko Gamil, balle ma...