Rumfar Leda Ta Kusa Dafa Min Tunkiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaisuwa daga Maamobi. Ruwan sama ya hana tumakina biyu masu ciki wurin kwanciya, sai na kafa musu rumfar leda irin ta masu lambu. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da ɗaya tana naƙuda, harshe a waje, ledar tana ɗiga kamar murfin tukunya. Kawuna ya daka min tsawa: "Kai, dafa ta za ka yi? Yaga gefen!" Na yaga, iska ta shiga, ta haihu da ƙyar. Yanzu ta biyun hantsarta ta cika, hadari ya haɗo, karnukan lungu kuma suna leƙowa ta inda na yaga. Masu kiwo, don Allah, in rufe ko in bari a buɗe?