Kada Ki Yanke Farce

FEVRONIA: Halo, Kaka Matrona? Ina kwana?

KAKA: Wa ke magana? Ɗaga murya, iska na neman yaye rufi!

FEVRONIA: Jikarki ce, Fevronia, daga Anchorage.

KAKA: Au, 'yar birni! Yau an tuna da mu? Ya uwarki?

FEVRONIA: Tana gaishe ki. Ya gwiwa? Ya mutanen tsibirin Atka?

KAKA: Gwiwa sai haƙuri. Kwana tara hazo ya hana jirgi sauka, ko busasshen kifinku ban aika ba.

FEVRONIA: Kaka... na shiga ajin koyon harshenmu. Malamar ta ce duk wanda bai samo tsohon da zai riƙa hira da shi ba, ba zai wuce gaba ba. Na ba da sunanki.

KAKA: Sunan wa? Je ki goge! Harshen da aka wanke mini baki da sabulu a makaranta saboda shi? Da ƙanwata Agafia kaɗai nake yin sa, kuma tare na binne su.

FEVRONIA: Ai ita na ji. A tsohon kaset na ajinmu, tana kwatanta saƙar kwando.

KAKA: Agafia? Muryarta?

FEVRONIA: Wallahi. Sau arba'in na saurara. Na gane ta ce a yanko ciyawar bakin teku, a shanya a rana...

KAKA: A rana? Ke, rufa mana asiri! A inuwa ta ce! Rana ƙona ta take yi, ta karye a hannu. Sannan a tsaga ta da farce. A harshenmu tsagawar sunanta daban, zaren ciki sunansa daban... kai, ga su nan a bakina, ja'irar yarinya.

FEVRONIA: Faɗa mini, ga biro a hannuna.

KAKA: Ba a faɗa wa biro. Sai ciyawa na hannu. Yaushe hutunku?

FEVRONIA: Watan bakwai. Kaka, kuka kike yi?

KAKA: Eh, kuka nake yi, ina ruwanki? Ki taho da muryar Agafia. Kuma daga yau kada ki yanke farcen babban yatsanki.

FEVRONIA: To in ya karye fa?

KAKA: Sai in ara miki nawa. Shekara uku ke nan ban yi saƙa ba, amma ban taɓa yanke... halo? Fevronia? Halo!